Takardu Masu Ɗumi

A Yogyakarta, bayan katangar jami'a,
inda babura ke kwana kai da kai kamar tumaki,
nan shagona yake, faɗinsa taku huɗu.
Sunana Sarjono. Injin fotokwafi biyu gare ni,
ɗaya na tari,
ɗaya na cin takarda in ransa ya ɓaci.

Aji uku na yi a sakandare, kuɗi suka ce ga garinku.
Amma yau shekara goma sha tara
ilimin mutane na bi ta tafin hannuna,
da ɗuminsa, kamar burodi daga tanda.

Ratih falsafa take karantawa.
Littafinta mai kauri, gefe duk rubutun fensir.
"Shafi na tamanin zuwa ɗari da biyu, Baba, gaba da baya."
A nan na tsinci tambayar
wai ko akwai abin da mutum ya sani tabbas.
Na dubi takardar kuɗin wuta manne a bango,
na ce, wannan kam na san shi.

Gede ɗan Bali ne, nazarin addinai ya kawo shi.
Yosefina daga Flores, da ɗan gicciye a wuya.
Fauzan ya haddace izu talatin kafin ya zo.
Ajinsu ɗaya, bencina ɗaya,
sukan yi musu a kan rai da inda yake zuwa
har ƙanƙarar shayinsu ta narke a leda,
sannan su zazzage aljihu,
su haɗa kuɗin kwafi guda, su raba shi uku.

Daren jarrabawa, ruwan Disamba na dukan kwano,
wuta ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa,
ni ma ido ya yi nauyi.
Na tattara takardun Wulandari, mai karatun akanta,
na ɗinke su, na miƙa,
ban lura ba ashe shafi guda na wani ɗan tarihi
ya shige tsakiya:
manoman da aka tilasta wa shuka rake a gonar shinkafa,
da yunwar da ta bi su gida gida.

Bayan kwana biyu sai ga ta.
Na soma laluben canji in mayar mata.
Ta ce, "Bar shi, Baba.
Ina tsakiyar lissafin riba da asara
sai ga mutane sun faɗo mini tsakanin layuka.
Kakar kakata daga Cirebon take.
Ban runtsa ba. Tambaya ta huɗu ma ban ƙarasa ta ba."
Na rasa ko haƙuri zan ba ta.
Ta ce in nemo mata sauran babin.
Ta biya, ta sa shi cikin riga saboda ruwa.

Ni ma ina da littafi,
mai baƙin bango, a ƙarƙashin kanta,
babu farfesan da ya taɓa koyar da shi.
Ratih, rupiya dubu goma sha biyu.
Gede, dubu bakwai, tun Satumba.
Wani Hendrik da ya gama shekara shida da suka wuce,
an ce yanzu yana ɗaura laktaye a wani banki a Jakarta,
dubu talatin da ɗaya.

Na taɓa nuna musu shafinsa.
Fauzan ya ce bashi amana ne, har kabari yake bin mutum.
Ratih ta ce sai an fara tambaya,
Hendrik na yau shi ne Hendrik na wancan lokaci?
Wulandari ta ce a kira shi asara, a ja layi, a huta.

Ban ja ba.
Ƙarfe shida nake ɗaga ƙofa,
in hura ƙurar gilashi, in lallashi mai tarin,
in jira wanda zai fara shigowa da gudu,
takalmi jiƙe, saura minti goma a shiga aji.